Armuwar Ɗin Gwaggo da Tagar Harobanda

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda ta fito daga wurin mahaifinki, Malam Abdu Badamagare, mai gida a Goudel, wanda in ya yi gyaran murya kaji ma sukan natsu, zuwa ga ƴarsa Balkisa, matar Isufu direba, can ƙetaren kogi a Harobanda. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina kwananki, ina gajiya, ya kuma zafi? Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ya tsare ki, ya tsare maigidanki a kan hanyar Gaya, ya dawo miki da shi lami lafiya. Innarki na gaishe ki. Ƙannenki na gaishe ki, har akuyar nan taki ba ta daina leƙa ɗakinki ba.

Idona ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, shi ya sa na zaunar da ƙaninki Mutari na ba shi biro, ni ina faɗa shi yana rubutawa. Kin dai san Mutari, yaro mai natsuwa, duk kasuwar Katako an shaide shi, kuma tun da kika tafi kyansa sai ƙaruwa yake yi. In kin ga wata kalma ta karkace, laifin biron ne.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Ranar Juma'a Innarki ta dawo daga wurinki ba ta iya cin tuwo ba. Ta ce ta iske ki kwance a kan daɓen sima, wato siminti, kin jiƙa zane kin lulluɓa, leɓunanki sun bushe. Kin tashi za ki ɗebo mata ruwa, jiri ya kwashe ki, sai da ta tare ki. Ta ce ɗakinki da tanderun mai burodi ba su da maraba. Ga shi yanzu ba ke kaɗai ba ce, kin san abin da nake nufi, ba sai na faɗa ba. Kuma bazara ko kankama ba ta yi ba, mangwaro ma bai gama nuna ba. Abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce.

Saboda haka zan gaya miki kurakuran da na yi da gidana, ɗaya bayan ɗaya, don kar ki maimaita su a naki. Ban taɓa amsa su a gaban kowa ba. Yau Allah ya buɗe mini baki.

Na fari, itacen dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Kin tuna shi, a gindinsa kika koyi daka. Wata Juma'a na saka farar rigata, na zauna a ƙarƙashinsa ina jiran lokacin masallaci, sai aka sako mini saƙo daga sama, daidai kafaɗa. Kashegari na kira masu gatari.

Innarki ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, itacen nan me ya yi maka?"

Na ce, "Tsuntsayensa sun raina ni."

Ta ce, "To ka matsar da tabarmarka mana."

Na ce, "Ni zan matsa wa tsuntsu a gidana?"

Aka sare shi. Na yi kwana biyu ina yawo a tsakar gida ina cewa, kun ga yadda wuri ya yi fili? Da bazara ta zo, filin ya nuna mini halinsa. Tun daga shekarar har yau, da an yi azahar sai in ɗauki ƴar rediyona in tafi ƙofar gidan maƙwabcinmu Baba Hima, Bazabarmen nan mai lambu, in zauna a gindin nasa itacen. Kullum sai ya tarbe ni da magana ɗaya: "Fofo, Malam. Ni aka zo gaisarwa, ko itacen?" Ni kuma in ce labarin duniya na kawo masa. Ya sani, na sani, itacen ma ya sani.

To ƴata, kar ki yi faɗa da inuwa. Gidanku sabo ne, ko tsinke babu a tsakarsa. Ki dasa itace bana, ki kewaye shi da ƙaya saboda awakin unguwa, ki riƙa zuba masa ruwan alwala. Amma itace ba ya girma don mutum na sauri. Kafin ya kai, a yi miki rumfar zana a jikin bangon da ke kallon yamma. Wannan bangon shi ne babban maƙiyinki. Tun azahar yake shan rana, in magariba ta yi ya juyo ya amayo miki ita cikin ɗaki. In zana ta tare masa ranar, ba shi da abin da zai amayar. Mutari zai kawo zanar da sanduna daga Katako. Ki ba shi abinci mai nama, yaron yana wahala.

Na biyu, sima. Na je gaisuwa gidan wani babban mutum a cikin gari, na ga tsakar gidansa a shafe sumul, ko ƙwayar yashi babu. Na dawo na ce mu ma ba a bar mu a baya ba. Aka kwashe rairayin da muke zama a kai, aka malale ko'ina da sima. Kin tuna abin da ya biyo baya. Da rana kaji na tafiya suna ɗaga ƙafa kamar masu rawar Zabarmawa. Ni kaina ranar da na fito alwala ba takalmi, sai da na yi wani tsalle wanda rabona da irinsa tun ina makarantar allo, kuma Innarki ta gani, ta maida kai cikin tukunya kafaɗunta na rawa. Da yamma in an shimfiɗa tabarma, sai ka ji kamar a kan kaskon tuya ka zauna. Rairayi yana ɗaukar zafi ya saki. Sima ɗauka yake ya riƙe, kamar mai ƙullaci.

Na ji Isufu yana cewa in ya samu hali zai shafe muku tsakar gida. Ki gaishe shi, ki ce surukinsa ya ce a bar ƙasa ta yi numfashi. Bayan la'asar ki yayyafa ruwa a tsakar gidan da gindin bango, ruwan ɗauraya ya isa, ba sai na pampo ba. Yayyafi na ce, ba tafki ba. Kuna kusa da kogi, sauron Harobanda ba ya jiran gayyata. Da almuru ki fitar da tabarma waje, ki ɗaura sange, gidan sauro, ki bar katifar nan mai laushi ta huta har damina. Katifa ta amarya ce a lokacin sanyi, a bazara ƙishirwa kawai take ƙarawa.

Na uku, kuma wannan har yanzu in na tuna sai in ji kunya, randar Innarki. Shekarar da na sayo firigo mai sanyaya ruwa na zo da shi a amalanke, yaran unguwa na biye. Na tsaya na ce, "Daga yau an daina shan ruwan laka a gidan nan. A fitar da randar nan." Randa ta ɓace. Muka shiga azumi, zafi ya kai inda ya kai, sai kuran, wutar lantarkin nan tamu, ya fara halinsa, ya tafi tun hantsi bai dawo ba. Aka kira magariba na buɗe firigo, ruwan ciki kamar an dafa shi don shayi. Na tsaya da dabino a hannu, maƙoshi a bushe. Sai ga Innarki da kwanon sha, ruwa mai sanyi har da ƙamshin ƙasa. Na shanye tas kafin in tambaya.

Na ce, "Wannan daga ina?"

Ta ce, "Ruwan laka ne, Malam. In ƙaro?"

Ashe bayan madafa ta maida randar, ta kafa ta a kan jiƙaƙƙen rairayi, ta naɗe ta da tsohon buhu tana yayyafa masa ruwa. Na miƙa mata kwanon ban dube ta ba. Ta ƙaro.

Ke ma an kai miki firigo da bantilater mai fifita, Allah ya sa albarka. Amma duk abin da ke jiran kuran, baƙo ne a gidanki, ranar da kika fi bukatarsa ranar zai yi tafiya. Ki nemi randa da tulu, ki ajiye su inda iska ke bi rana ba ta kaiwa. Ki riƙa sha tun kafin ƙishirwa ta kira ki. Kunun tsamiya, zoɓo, fura mai ruwa-ruwa, duk ki sha. Mafici kuma kar ya yi nisa da hannunki. In jirin nan ya sake dawowa, ko kika ga ƙafa ta kumbura, kar ki tsaya jiran Isufu ya dawo daga hanya, ki kira maƙwabciyarki ku tafi likita. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Akwai ƙanana da zan haɗa miki a dunƙule. Ki buɗe ƙofa tun asuba sanyin safiya ya shiga, in rana ta ɗaga ki rufe ki saki labule, sai la'asar sakaliya ki sake buɗewa. Labulayen nan masu sheƙi da aka jera miki har hawa biyu, ki sauke su ki ninke, ki rataya farin zanen auduga, in zafi ya tsananta ki jiƙa shi. Kar ki kunna gaz a cikin ɗaki, ki yi girkinki a rumfa, kuma ki gama shi tun da hantsi. Rufinku kwano ne tsura, ba filafon da ke tare zafi a ƙarƙashinsa, don haka a shimfiɗa masa zana ko karan dawa a bisa. Amma a ɗaure da waya, a danne da bulo. Ni da na yi nawa ban ɗaure ba, na ce nauyinsa ya isa. Hadarin farko ya kwashe shi gaba ɗaya ya sauke a lambun Baba Hima, a kan salatinsa. Da safe ya aiko a tambaye ni ko sauran ɗakin ma yana tafe, ya gyara masa wuri.

Yanzu na zo kan babban kuskuren, wanda saboda shi na ɗauki takardar nan. Sauran duk na yi su da gatari ko da sima. Wannan da shiru na yi shi.

Ranar da aka je yi miki jere, lokacin sanyi ne, kowa na cikin rigar ɗari. Gwaggonki Hajo, yayata, ita ce uwar biki, ita ke nuna inda kowane kaya zai zauna. Ɗakinki taga ɗaya gare shi, wadda ke kallon kogi, daidai saitin ƙofa. Da aka shigo da babban armuwar ɗin nan na ajiye tufafi, mai madubi, Mutari na cikin masu ɗauka, sai Gwaggo ta nuna bangon tagar ta ce, "Nan za a kafa shi. Duk wadda ta ɗaga labule shi za ta fara gani, ta san ƴarmu ba daga bola aka tsinto ta ba."

Mutari ya ce, "Gwaggo, ai taga ce a nan."

Ta ce, "Tagar ce ta haife ka? Amarya aka kawo ko mai leƙen titi? Da sanyin nan wa ke neman taga? Ɗora, ɗan nema!"

Mata suka yi guɗa, aka kafa armuwar, aka jera kwanoni a bisansa har suna taɓa rufi. Gwaggo ta ja kunnenki ta ce kar a kuskura a taɓa mata jere sai bayan an yi suna, dangin miji sun gama gani.

Da yamma Mutari ya dawo ya gaya mini. Na san abin da toshe tagar nan yake nufi, ni da na sare itace na ga sakamako. Amma na ce masa, "Maganar mata ce, ba ruwanka." Gaskiyar ita ce tsoron Hajo nake ji. Ita ta goya ni, ita ta yi mini wankan ƙyanda, kuma har gobe in ta ce "Audu!" sai na ji hulata ta yi mini yawa.

Innarki ta ce da ta yi miki maganar janye shi, kin ce, "Inna, Gwaggo ce ta sa shi da kanta. In ta zo ta ga na matsar, da wane ido zan dube ta?" Wannan tarbiyya ce, kuma na ji daɗinta. Amma ƴata, iska ba ta shiga ɗakin da ba ta ga hanyar fita ba. Duk abin da na lissafa miki a sama, rumfa da randa da yayyafi, taimako ne kawai. Muddin tagar nan na toshe, a cikin tukunya kike, an rufe da murfi. Kogi na nan kusa da ke yana aiko miki da iska kyauta kowace yamma, tana zuwa tana tarar da bayan armuwar tana komawa. Madubi ba ya fifita. Dangin miji in sun zo suna, lafiyarki da ta abin da za a raɗa wa sunan za su fara dubawa, ba kwanoni ba.

Saboda haka ni mahaifinki na ce a janye armuwar ɗin nan a maida shi bangon gabas. In Gwaggonki ta tambaya, ki ce Audu ne ya ce. In ta yi faɗa, faɗan nawa ne.

Allah ya sanyaya miki ɗakinki da zuciyarki. Allah ya raba ku lafiya, ya ba mu ganin ranar da idonmu. Ya tsare ki daga sharrin rana da na dare, ya sa albarka a gidanki, ya haɗa kanki da mijinki. Allah ya yi miki albarka, Balkisa.

To. A nan na so in tsaya, amma abin ya ƙi.

Yaya, na san tun gaisuwar farko kike dariya. Yaushe Baba ya taɓa kiran sunanki? Ke ƴar fari ce, tun da aka haife ki "yarinyar nan" yake cewa, da kika yi aure kika koma "ta Harobanda". Mutumin da ko a ranar ɗaurin aurenki fita ya yi wai zai duba akuya, shi ne zai zauna ya ce "ƴata" har sau nawa? Kuma yaushe ya taɓa cewa ina da natsuwa? Ni ne, Mutari. Babu wanda ya faɗa mini ko kalma ɗaya. Labaran dai duk gaskiya ne, kin san su, muna tare aka yi tsallen alwala.

Abin da ya sa na ari bakinsa, na san in ni na ce ki janye armuwar, cewa za ki yi in je in wanke ƙafata tukuna. Inna kuwa ba ta ja da dangin Baba. Mutum ɗaya ne maganarsa za ta tsaya gaban ta Gwaggo, shi kuma kunyar ƴar fari ta ɗaure masa baki. Ranar Juma'ar nan da Inna take ba ni labari a madafa tana share ido da gefen zane, na kasa zama. Ke kika goya ni, Yaya, ko da yake kin sha kayar da ni.

Niyyata in kawo miki takardar a ɓoye. Sai jiya bayan la'asar ina zaune a zaure ina gyara ta, ban ji shigowarsa ba, ya dawo daga gindin itacen Baba Hima da rediyonsa. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kai da allo ma sai da bulala, me kake rubutawa haka?"

Na ce, "Saƙo ne, Baba."

Ya ce, "Karanta."

Na fara, ina tsallake wurare. Ya ce, "Ka yi tsalle. Koma." Haka na karanta masa ita tun daga kajin da ke natsuwa. Da na zo kan dogon yaro, muka ji Inna ta ƙyalƙyale a bayan labule. Shi ko gezau. Amma tun wurin da na ce jiri ya kwashe ki na ga ya kashe rediyo. Ashe Inna ba ta gaya masa ba, ita ma kunyar ta hana ta. Da na gama sai na fara duba hanyar gudu. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Abin da yaron nan ya faɗa na ranar Juma'a, haka ne?"

Inna ta ce, "Haka ne, Malam."

Ya dube ni ya ce, "Ba tsuntsaye ba ne. Jemagu ne." Ya gyara hularsa ya fita.

Sai gab da magariba ya dawo, rigarsa sharkaf da zufa, da gwangwanin madara a hannu, a ciki ɗan dashen dogon yaro da ya tono a lambun Baba Hima. Ashe gidan Gwaggo ya fara zuwa, a ƙafa. Abin da suka ce wa juna Allah kaɗai ya sani. Ya ajiye gwangwanin a gabana ya ce, "Gata Gwaggonku za ta ƙetara da kanta ta nuna inda za a maida kayan. Ta ce ita dama tun farko ba ta so a sa shi a wurin ba, masu ɗauka ne ba su da hankali. Kai za ka ɗauka. Wannan kuma a dasa shi ta yamma."

Na ce, "Takardar fa, Baba? In yaga?"

Ya ce, "Kai mata. Amma ka cire inda ka ce kyanka na ƙaruwa, ba a sa mini ƙarya a baki."

Na ce, "To sunanta da na rubuta a bakinka, shi ma in cire?"

Ya ɗauki butarsa ya juya mini baya. Har ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Wannan bar shi."

Don haka ki kwashe kwanonin nan tun gobe, amma kar ki ɗaga mai nauyi, ki kira maƙwabciyarki. Jibi da hantsi muna tafe, ni da zana da Gwaggo. Ki yi mata fura mai sanyi, kuma in ta ce ita ta fara ganin kuskuren, ki ce haka ne. Maganar kyau kuwa ban cire ba, ki gani da idonki.

Allah ya kai mu lafiya, ya tsare mana ke.

Ƙaninki wanda ya fi ki kyau,
Mutari